Bututu ya fashe a gida: me inshora za ta biya, me za ta bar maka?

Akwai abin da yake ɗaure wa mutane kai ranar farko da suka nemi diyya daga kamfanin inshorar gida. Bututun ruwa ya tsiyaya a saman bene, ruwa ya sauko ya jiƙa silin, ya kumbura katakon daɓe, fenti ya ɓare. Kamfani ya turo mutum ya duba, ya yarda zai biya kuɗin silin da daɓe da fenti. Amma shi bututun da ya jawo duk wannan ɓarna, sai a ce maka wannan kam naka ne, ka nemo mai gyaran famfo ka biya shi daga aljihunka. Kai kuwa ka riƙe baki kana tambayar kanka, to ina amfanin kuɗin da nake biya duk wata?

Za mu ɗauki Ingila a matsayin misali, saboda can ne dokokin wannan harka suka fito fili, kuma 'yan uwanmu da yawa suna zaune a Landan da sauran biranen ƙasar, wasu a gidan haya, wasu sun sayi nasu. Daga baya za mu leƙa Najeriya.

Abin da inshora take sayarwa

Inshora tana aiki ne da lissafin yiwuwa. Mutane dubu suna zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya, saboda an san a cikin shekara 'yan ƙalilan ne kawai tsautsayi zai faɗa wa. Wannan lissafi yana tafiya daidai muddin abin da ake karewa zai iya faruwa, zai kuma iya ƙin faruwa. To tsufan bututu fa? Shi tabbas ne. Kowane bututu zai yi tsatsa ko ya ruɓe, kowace roba da ke toshe mahaɗa za ta bushe wata rana. Da kamfani zai ɗauki nauyin abin da dole ne ya faru a kowane gida, da kuɗin da kake biya ya kai kuɗin gyaran kansa, har da ribar kamfani a kai. Shi ya sa kusan kowace takardar inshorar gida take cire tsufa, da lalacewar da ke zuwa sannu a hankali, da rashin kula, daga cikin abin da take biya.

Saboda haka idan mahaɗar bututu ta saki don ta tsufa, sakin kansa ba tsautsayi ba ne a idon kamfani. Ruwan da ya kuɓuce ya lalata ɗaki, shi ne tsautsayin. Takardun suna da sashe na musamman a kan wannan kuɓucewar ruwa daga bututu ko tanki ko injin wanki, kuma yana cikin abubuwan da aka fi neman diyya a kansu a ƙasar.

Ka kuma lura inshorar gida iri biyu ce. Akwai ta gini, wadda ta shafi bango da rufi da bututu da duk abin da ke manne da gidan, kamar baho da kabad ɗin kicin. Akwai ta kayan ɗaki, wato abin da za ka iya ɗauka ka tafi da shi ranar da za ka tashi. Wanda yake da ta gini kawai, ruwa ya jiƙa masa kujeru da talabijin, ba zai ga ko kwabo a kansu ba.

Inda sanyi ya shigo

Akwai hali guda da kamfanoni da yawa suke biyan kuɗin bututun kansa: idan ƙanƙara ce ta fasa shi. Ruwa yana da wata ɗabi'a da ta saɓa wa yawancin abubuwa. Idan ya daskare, girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari. Mutane sukan ɗauka ƙanƙarar ce take bankare bututu a daidai inda ta daskare, amma sau da yawa ba haka ba ne. Ƙanƙarar tana toshe wani yanki, tana ci gaba da girma a tsawon bututun, tana matse ruwan da ya maƙale tsakaninta da kan famfon da ke rufe. Ruwa kuwa ba ya matsuwa. Ƙarfin matsin sai ya yi ta hawa har ya samu wuri mai rauni ya tsaga. Kuma ba za ka sani ba a lokacin, domin ƙanƙarar ta toshe hanya. Sai gari ya yi ɗumi ta narke, ruwa ya ɓalle.

A nan ne wani sharaɗi yake kama mutanenmu. Yawancin takardu suna cewa idan gida ya zauna babu kowa fiye da kwana 30, a wasu kuma 60, to kariyar kuɓucewar ruwa ta faɗi, sai dai in ka sanar da kamfani an yi wani shiri. Ka rufe gida a watan Disamba ka taho Kano ko Zariya ganin dangi, ka ƙara sati biyu saboda bikin ƙanwarka, ka kashe na'urar ɗumama gida don rage kuɗin gas. Ka koma ka tarar silin a ƙasa. Kamfani zai fara da tambayar ranar da ka tafi da ranar da ka dawo. Kafin irin wannan tafiya, ka duba adadin kwanakin da ke takardarka, ka rufe babban makunnin ruwa na cikin gida, wanda a gidaje da yawa yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin.

Bututun na wane ne?

Kafin ma ka kira kamfanin inshora a kan bututun da ke binne a ƙasa, ka tabbatar naka ne. Wannan tambaya tana iya ceton ka daga kashe kuɗi mai yawa.

Ta ɓangaren ruwa mai tsabta, kamfanin ruwa ne yake da babban bututun da ke bin titi, da reshen da ya taho zuwa iyakar filinka. Daga iyaka zuwa cikin gida, nauyinka ne. Ta ɓangaren ruwan ƙazanta kuwa, an yi babban sauyi a Ingila da Wales ranar 1 ga Oktoba, 2011. Kafin wannan rana, masu gidaje da yawa su ne ke ɗauke da nauyin magudanar da ta fita daga gidansu har ta haɗe da babbar magudanar kamfanin ruwa, ko da ta bi ƙarƙashin titi ko filin maƙwabci. Daga ranar, aka miƙa wa kamfanonin ruwa magudanan da gidaje biyu ko fiye suke amfani da su tare, da kuma yankin da ya wuce iyakar fili. Abin da ya rage maka shi ne magudanar da ke cikin filinka wadda gidanka kaɗai take yi wa aiki.

Ma'ana, idan ruwan banɗaki ya dawo baya, kuma maƙwabcinka ma yana kukan abu ɗaya, akwai yiwuwar toshewar tana cikin magudanar da kuke tarayya a kai. Kamfanin ruwa za ka kira, kuma gyaran nasu ne.

In kuwa haya kake, dokar masu gida da 'yan haya ta 1985, a sashe na 11, ta ɗora wa mai gida nauyin gyaran magudanai da bututun ruwa da kayan banɗaki a yawancin gidajen haya. Naka shi ne ka sanar da shi da wuri, a rubuce, sannan ka yi inshorar kayanka in kana so.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa

Nan ne rigimar ta fi zafi, domin babu wanda ya ga lokacin da abin ya faru.

Inshorar gini takan ƙunshi sashe da ke kare bututu da wayoyi da tankunan da ke binne, idan tsautsayi ne ya lalata su. Kalmar tsautsayi ɗin ita ce ake ja-in-ja a kanta. Idan babbar mota ta taka harabar gida ta murƙushe bututu, ko lebura ya sara shi da diga, babu gardama. Amma yawancin magudanai ba ta haka suke mutuwa ba.

Tsofaffin gidaje a Ingila suna da magudanan yumɓu da aka gasa, guntu-guntu, an jera su an liƙe mahaɗunsu. Yumɓun kansa yana daɗewa ƙwarai, amma ba ya lanƙwasa. Ƙasa ta ɗan motsa, mahaɗa ta buɗe kamar tsagar gashi. Danshi ya fara fita. Saiwar bishiya kuwa danshi take bi. Siririyar saiwa ta shiga ta tsagar, ta samu ruwa da taki a wadace, ta yi kauri, ta ƙara buɗe tsagar, ta yi gungu a ciki tana tare duk abin da ya zo wucewa. To a nan wa ya fara? Kamfani zai iya cewa saiwa ba ta huda lafiyayyen bututu, don haka mahaɗar ta riga ta tsufa. Kai kuma za ka ce saiwar ce ta fasa shi, kuma ba ka zata ba, ba ka kuma yi da gangan ba. Kowannenku yana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa hujjar da za ka kawo take da muhimmanci.

Akwai kuma wani nau'in bututu da aka yi ta binnewa daga shekarun 1950 zuwa 1970, wanda aka yi da zaren katako da aka jiƙa da kwalta. A lokacin an ga yana da araha, ba shi da nauyi, ga sauƙin haɗawa. Daga baya aka gane ruwan zafi da maiƙo da sinadaran wanki suna tausasa shi. Cikinsa yakan yi bororo, shimfiɗunsa su rabu, nauyin ƙasa ya danne shi ya tashi daga zagaye ya koma kamar ƙwai, har ya rufe. Wasu kamfanoni suna ambaton wannan bututu da suna su cire shi daga kariya. In gidanka na wancan zamani ne, ka nemi wannan layi a takardarka tun kafin ka buƙace shi.

Toshewa ita ma daban take da fashewa. Takardu da yawa ba sa biyan kuɗin zuƙe toshewa in bututun bai karye ba, sai dai in ka ƙara sayen kariyar gaggawa ta gida, wadda ke turo mai gyara ya buɗe hanya. Kuma abin da ke toshe magudana yawanci mu muke zuba shi. Man girki da kitse idan suka shiga magudana ba daskarewa kawai suke yi ba. Suna rushewa su haɗu da sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwa da jikin siminti, su zama wani abu mai tauri irin na sabulu. Wanda ya taɓa ganin yadda ake dafa sabulun salo da ruwan toka da mai ya ga ɗan uwan wannan haɗi, sai dai shi na kalsiyam ba ya narkewa a ruwa. Ya kama tsumman goge jarirai da aka jefa a masai, ya yi ta girma. A shekarar 2017 an gano irin wannan dunƙule a magudanar unguwar Whitechapel a Landan, tsawonsa kimanin mita 250, nauyinsa kusan tan 130. Har gidan tarihi na birnin ya nuna wani guntunsa.

Wani abin tsoro game da magudanar da ke yoyo kusa da gini shi ne tushen gida. A ƙasa mai yashi, ruwan yana kwashe ƙananan ƙwayoyin ƙasa sannu a hankali ya bar rami. A ƙasa mai laka, irin wadda ke ƙarƙashin yawancin Landan, yana tausasa ta ta kasa ɗaukar nauyi. Sai ka ga tsaga ta bi bango a karkace, ƙofa ta fara ƙin rufuwa. Wannan ya koma sashen nutsewar gini, kuma kason da mai gida yake fara biya a wannan sashe yakan kai fam 1,000.

Ranar da abin ya faru

Ka fara tsayar da ɓarnar. Rufe babban makunnin ruwa, in ruwa ya kusanci wayoyi ka kashe wuta daga babban akwati. Takardar ma ta wajabta maka yin abin da za ka iya don rage asara, don haka gyaran wucin gadi da zai tsayar da yoyo ba laifi ba ne. Abin da bai kamata ba shi ne ka kira ma'aikata su haƙe harabar gida, su sauya bututu, su binne, sannan ka kai wa kamfani rasit. Ka shafe hujja da hannunka ke nan. Ɗauki hoto da bidiyo kafin a taɓa komai, ajiye guntun bututun da aka cire, ka kira kamfani kafin babban aiki ya fara.

In kana zargin yoyo amma ba ka ga ruwa ba, mitar ruwa za ta gaya maka. Rufe duk famfo da injin wanki, rubuta lambar da ke kan mita, jira awa ɗaya ko biyu ba tare da kowa ya taɓa ruwa ba, ka sake dubawa. In ta motsa, ruwa yana fita ta wani wuri. Sai ka rufe makunnin cikin gida ka maimaita. In har yanzu tana motsi, kuma mitar tana waje wajen iyakar fili, yoyon yana tsakanin mitar da gida, a ƙarƙashin ƙasa. Kada ka raina shi. Yoyon lita ɗaya a minti guda lita 1,440 ne a rana, wato ya haura jarka 57 mai lita 25.

Neman inda yoyo yake shi ma kuɗi ne, wani lokaci ma ya fi gyaran tsada, domin sai an fasa tayil ko an ɗaga daɓe. Akwai sashe na daban da ke biyan kuɗin nemowa da fasawa da mayar da wurin yadda yake. Ba kowace takarda ke da shi ba, kuma yana da iyaka, a wasu kamfanoni fam 5,000, a wasu ya fi haka.

Ga magudana, babbar hujja ita ce kyamara. Ana zura ta a kan doguwar waya ta bi cikin bututun tana ɗaukar bidiyo, tana nuna nisan kowace tsaga daga bakin rami. Ka nemi a ba ka bidiyon kansa, da rahoto a rubuce wanda ya faɗi musabbabi. "Bututu ya lalace" bai ishe ka ba. Rahoto mai amfani shi ne wanda ya ce a mita kaza akwai karaya, ga saiwa ta shiga, ga alamar ƙasa ta motsa.

Gyaran ma ba dole sai an haƙa ba. Akwai dabarar da wani injiniya mai suna Eric Wood ya fara amfani da ita a Landan a 1971: a jiƙa doguwar riga ta yadi da wani ruwan gam, a tura ta cikin tsohon bututu, a hura ta ta manne da jikinsa, a bar ta ta sandare. Sabon bututu ya samu a cikin tsoho. Kamfanonin inshora suna son ta saboda ta fi haƙa araha, amma in bututun ya riga ya rushe gaba ɗaya, babu inda rigar za ta bi, sai haƙa.

Kafin ka nemi diyya kuma, ka yi ɗan lissafi. A kowace nema akwai kason da kai za ka fara ɗauka, kuma na kuɓucewar ruwa yakan fi na sauran sassa yawa. A ce gyaran fam 500 ne, kasonka 350. Fam 150 za ka karɓa, sannan neman ya shiga rumbun bayanan da kamfanonin inshora suke dubawa tare, kuɗin shekara mai zuwa kuma yana iya hawa. Wani lokaci biya daga aljihu ya fi.

Idan suka ce a'a

Ƙin biya ba shi ne ƙarshen magana ba, kuma a ganina mutane da yawa suna sarewa da wuri. Ƙa'idar ita ce: kai ne za ka nuna cewa abin da takarda ta kare ya faru. Amma idan kamfani yana son ya fake da wani sharaɗi na cirewa, kamar tsufa ko lalacewar sannu a hankali, shi ne zai kawo hujjar cewa sharaɗin ya hau kan lamarinka. Faɗa da baki kawai bai isa ba. Ka nemi su rubuta maka dalili, su nuna layin da suka dogara da shi, su ba ka rahoton wanda suka turo. Ka tuna shi wannan mai tantance asara kamfani ne ya ɗauko shi.

In ba ka gamsu ba, ka shigar da ƙorafi a rubuce. Kamfani yana da sati takwas ya ba ka amsa ta ƙarshe. Daga ranar amsar kana da wata shida ka kai maganar gaban Financial Ombudsman Service, hukumar da ke raba gardama tsakanin jama'a da kamfanonin kuɗi, kuma kyauta ne. In ta yanke hukunci ka amince da shi, dole kamfani ya bi. Wani abu da ya kamata ka sani game da yadda wannan hukuma take duba lalacewar sannu a hankali: takan tambaya ko mai gida zai iya sanin abin yana faruwa. Yoyon da ya yi watanni a bayan bango ko ƙarƙashin baho, babu tabo, babu wari, kuma ka ɗauki mataki da zarar alama ta fito, daban yake da tabon danshin da ka yi shekara kana kallo kana cewa sai an yi albashi.

Gaskiya wajen cike takarda ita ma tana da nata tasirin. Dokar 2012 a kan bayanan da mai sayen inshora yake bayarwa ta ce ka kula sosai kada ka ba da amsar da ba daidai ba ga tambayoyin da aka yi maka. In an tambaye ka ko gidan ya taɓa samun matsalar nutsewa ko ambaliya ka ɓoye, ranar neman diyya za a tono.

A gida Najeriya fa?

Tsarin magudanai ya bambanta sosai. Ban da wasu sassan Abuja da ke haɗe da babbar magudana mai kai ƙazanta matatar Wupa, yawancin gidaje a biranenmu salga da sokawe suke dogara da su, ruwa kuma daga rijiya ko burtsatse zuwa tankin sama. Wato kusan komai, daga tanki har sokawe, yana cikin filinka, babu kamfanin ruwan da za ka miƙa wa nauyi.

Inshorar gobara da sauran haɗura da kamfanonin Najeriya suke sayarwa takan haɗa da fashewa ko tumbatsar tanki da bututu, kuma masu guje wa inshorar gargajiya saboda dalilin addini suna da takaful, wadda hukumar NAICOM take sa ido a kanta kamar sauran. Ita NAICOM ɗin tana karɓar ƙorafi idan kamfani ya ƙi biya. Ka kuma riƙe ƙa'idar da ake aiki da ita a ƙasar: in ba ka biya kuɗin inshora ba, babu kariya, ko da takardar tana hannunka.

Tambayar da za ka yi wa wakilin kamfani kafin ka sa hannu ita ce, kalmar "gini" a takardar nan ta haɗa da bututun da ke binne, da salga, da sokawe, da ƙarfen da ke ɗauke da tankin sama? In ya ce e, ka ce ya nuna maka layin. In babu layin, ka nemi a ƙara shi a rubuce a jikin takardar, da hatimin kamfani.